Waƙar Ɗan Kaso da Ke Jiran Shari'a: Fashin Baƙi Kan Yankewar Tsammani da Rushewar Buri

Akwai wata rubutacciyar waƙa mai baiti 32 da wani matashi ya tsara yana tsare a gidan kaso, wadda hoton shafukanta ya iso hannun wasu daga cikinmu masu sha'awar adabi a nan Damagaram, kuma tun daga lokacin ra'ayin waɗanda suka karanta ta ya rabu gida biyu. Wasu sun ce waƙar ta wuce gona da iri, domin a ganinsu mai ita ya yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji, abin da bai halatta ga musulmi ba. Wasu kuma tausayi ya rufe musu ido har ba su tsaya sun duba abin da baitocin ke faɗa ba. A nawa fahimtar, duka ɓangarorin biyu sun bar ainihin maganar a baya. Abin da ya karya zuciyar wannan mawaƙi shi ne zaman jira wanda ba a yanka masa rana ba, tare da ganin yadda mutane ke mantawa da shi sannu a hankali, kuma duk wanda bai san yadda tsarin tsare mutane kafin shari'a yake tafiya a Nijar ba, to, rabin waƙar zai wuce shi.

Waƙar ƴar ƙwar biyu ce, wato kowane baiti ɗango biyu ne, an kuma rubuta ta da boko a cikin kaye irin na ƴan makaranta. Rubutun da kansa yana ba da labarin mai shi, domin a wurare da dama ya sa «ou» inda Hausa ke son «u», ya kuma sa «tch» a maimakon «c», alamar cewa hannunsa ya saba da Faransanci kafin ya fara gwada rubuta harshensa. Ya buɗe da sunan Allah da salati ga Annabi kamar yadda marubuta waƙa suka gada, amma a baiti ɗaya tak, kamar mutumin da magana ta cika wa ciki. Babban amsa-amon waƙar kuwa shi ne «ba», kowane baiti da shi yake ƙarewa: ba a kira ni ba, bai zo ba, ban gani ba, ba ta jira ba. Masana waƙa sukan ɗauki wannan amsa-amo a matsayin mai sauƙin samu, tun da kusan kowace jimlar korewa a Hausa da shi take rufewa, kuma sau da yawa sabon marubuci ne ke fakewa a bayansa. A wannan waƙa dai ya dace da jigonta ƙwarai, saboda abin da mawaƙin ke lissafawa daga farko har ƙarshe shi ne abubuwan da ba su faru ba, kuma kunnen mai sauraro yakan gaji da wannan kari mai maimaituwa kamar yadda kwanakin suka gajiyar da mai waƙar.

Ranar da aka kama shi baiti 3 kawai ta ci. Bai faɗi laifin da ake tuhumarsa da shi ba, bai kuma rantse cewa hannunsa a wanke yake ba, kuma wannan yana daga cikin abubuwan da suka sa na yarda da gaskiyar muryarsa. Da ya cika waƙar da rantsuwa, da ta koma takardar kare kai, mai karatu kuma ya koma alƙali. Da ya yi shiru a kan wannan, sai ya tilasta mana duban wata tambaya daban: ko mai laifi ne ko marar laifi, har tsawon wane lokaci ya kamata a ajiye ɗan Adam ba tare da an gaya masa matsayinsa ba?

Bisa dokar Nijar, jami'an ƴan sanda ko jandarma suna iya riƙe wanda ake zargi na awa 48, ana kuma iya sabunta wannan wa'adi sau ɗaya da izinin mai gabatar da ƙara. Daga nan ne ake gabatar da shi, kuma idan lamarin yana buƙatar bincike mai zurfi sai a miƙa fayil ɗinsa ga alƙalin bincike, wanda ke da ikon sa hannu a takardar ajiye shi a gidan kaso kafin a kammala. Doka ta yi wa wannan ajiya iyaka: wata 12 ga matsakaitan laifuka, wata 30 ga manya, ban da shari'o'in ta'addanci waɗanda ke da nasu tsarin. A takarda ke nan. A zahiri kuwa, rahotannin masu bin diddigin haƙƙin ɗan Adam sun sha nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke gidajen kason ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, kuma akan samu wanda ya zauna jiran shari'a fiye da tsawon hukuncin da za a yi masa da an same shi da laifin. Dalilan sanannu ne: ƙarancin alƙalai idan an gwada da yawan ƙararraki, sauya wa alƙali wurin aiki ya bar fayiloli a tare ga wanda zai gaje shi, zaman shari'ar manyan laifuka da ba kullum ake yin sa ba, da kuma rashin lauya, domin yawancin lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, nesa da Damagaram da kusan kilomita 900, kuma talakan da ya rasa kuɗin cefane ba shi da na ɗauko lauya.

Idan an riƙe wannan a zuciya, sai tsakiyar waƙar ya buɗe. Mawaƙin ya kwatanta kansa da wani maƙwabcin shimfiɗarsa wanda aka yanke wa shekara 5, ya ce yana ƙyashinsa. Wanda bai san kaso ba zai yi mamakin a ce mutum yana ƙyashin wanda aka ɗaure, alhali kuwa maganar a fili take. Wanda aka yanke wa hukunci lissafinsa raguwa yake yi, kowace rana da ta faɗi ta cire masa wani abu daga nauyin da ke kansa, yana iya gaya wa matarsa cewa da damina ta uku zai fito, yana iya sa rai da afuwar da shugaban ƙasa kan yi a wasu bukukuwa, wadda bisa ƙa'ida waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci take shafa. Mai jira kuwa lissafinsa hauhawa yake yi, kuma ba shi da adadin da zai cire kwanakinsa daga ciki. Shi ya sa a baitoci huɗu a jere mawaƙin ya tsaya a kan abu guda, wato safiyar da mai gadi ke tsayawa bakin ƙofa da takarda a hannu yana kiran sunayen waɗanda za a kai kotu. Ya siffanta yadda hayaniyar ɗakin ke ɗaukewa, yadda ya wanke rigarsa guda tun daren jiya ya shimfiɗa ta ƙarƙashin tabarma don ta miƙe, yadda aka kira wani mai suna irin nasa har ya miƙe tsaye, sai sunan uba ya bambanta. Wannan shi ne wurin da waƙar ta fi ƙarfi, kuma babu kalmar baƙin ciki ko ɗaya a cikin baitocin huɗun.

Burikan da suka rushe ba manya ba ne, kuma wannan ma abin lura ne. Bai yi maganar mulki ko dukiya ba. Ya ambaci jarrabawar bak ta kammala sakandare da ya yi niyyar sake zama, da babur ɗin kabu-kabu da ya karɓa bashi yana biya mako-mako, da ɗakin mahaifiyarsa da ya yi alkawarin rufa wa kwano kafin ruwa ya sauka, da yarinyar da aka riga aka kai goron tambayarta. Irin waɗannan su ne burikan yawancin samarin da za ka tarar a fada suna shan shayi a Zango ko Sabon Gari ko Garin Malam. Gwanintar mawaƙin ita ce bai rushe su a lokaci guda ba. Kowane buri da bakin mai ziyara yake mutuwa: ƙaninsa ne ya zo da labarin cewa mai babur ya karɓe abinsa kuma abin da aka biya ya bi ruwa, wani aboki ne ya ambata masa a cikin hira cewa sakamakon jarrabawa ya fito, gwaggonsa ce ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗa masa cewa an mayar da kayan. Saboda haka ziyara, wadda ita ce abin da ɗan kaso ya fi ɗoki a duniya, ta koma masa abin fargaba, yana son a kira shi bakin ƙofa yana kuma tsoron abin da za a gaya masa.

Daga nan ya shiga batun kwanon abinci, wanda a ganina shi ne ma'aunin da ya auna matsayinsa a wurin danginsa da shi. Abincin da hukuma ke bayarwa a gidajen kaso ba ya wadatarwa, don haka galibin waɗanda ke ciki da abin da ake kawo musu daga gida suke riƙe rai. Mawaƙin ya ce da fari kullum ake kawo kwanon, a ɗaure cikin ƙyallen da ya san na mahaifiyarsa ne, daga baya ya koma ranar Juma'a, daga baya sai sallah, har aka yi wata sallar layya da ya ɗanɗana nama daga kwanon wani. Mai karatu zai iya gaggawar zargin dangi da rashin zumunci, amma mawaƙin da kansa bai zarge su ba, kuma yana da hujja. Mutumin da aka tsare sau da yawa shi ne mai ciyar da gidan, to, da aka ɗauke shi, da me za a dafa abin kai masa? Idan kuma danginsa a ƙauyukan Mirriya ko Magariya ko Matamaye ko Tanut suke, kowace ziyara kuɗin mota ce zuwa da komowa da kuma ranar aiki guda da aka rasa a gona. Ga kunya kuma, wadda ke sa uwa ta lulluɓe fuska kafin ta tsaya a layin masu ziyara don kada wata ƴar unguwa ta gan ta. Hukuncin da ba a yanke wa mutum ɗaya ba, ga shi gida guda yana ɗaukarsa.

Yanzu sai maganar masu cewa waƙar saɓo ce, kuma ban ɗauki maganarsu da wasa ba, domin damuwarsu ta addini ce ta gaskiya. Hujjarsu ita ce aya ta 87 a Suratu Yusuf, inda Annabi Yaƙubu ya hori ƴaƴansa da kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah, domin babu mai yanke ƙauna daga gare ta sai kafirai. Ayar gaskiya ce, amma ya kamata a karanta ta tare da waɗanda suka gabace ta. A aya ta 84 an faɗa mana cewa idanun wannan Annabi sun yi fari saboda baƙin ciki, a ta 86 kuma ya bayyana cewa yana kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah ne. Wato wanda ya hana yanke ƙauna shi ne wanda ya yi kuka har ganinsa ya tafi, kuma Alƙur'ani bai zarge shi a kan haka ba. Idan aka bi baitocin mawaƙinmu ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa duk inda ya ce ya daina sa rai, da wani mahaluƙi ko wani abin duniya yake: takardar kira, alkawarin aboki, juyowar budurwa. Babu baitin da ya ce Allah ya manta da shi. Hasali ma, a baiti na 24 ya kawo labarin Annabi Yusuf da kansa, lokacin da ya roƙi abokin zamansa da za a saki da ya ambace shi a wurin ubangidansa, mutumin ya fita ya manta, shi kuma ya ci gaba da zama shekaru, kamar yadda aya ta 42 ta nuna. Mawaƙin ya ce shi ma ya ba mutum uku da aka sallama saƙo, kuma har yanzu shiru. Mutumin da ke neman misalin halinsa a cikin ƙissar annabawa bai bar ƙofar Ubangiji ba. Abin da ya fi dacewa da malami idan ya ji irin wannan waƙa shi ne ya tambayi inda mai ita yake da kuma wanda ke bin maganarsa, kafin ya kai ga yanke hukunci a kan imaninsa.

Akwai baiti guda da ya fi tsaya mini a rai, shi ma yana da alaƙa da wannan sura. Abokan zaman Annabi Yusuf biyu a kurkuku sun yi mafarki, kuma mafarkansu na waje ne, ɗaya yana matsar giya, ɗaya yana ɗauke da gurasa a ka tsuntsaye na ci. Mawaƙinmu ya ce a watanninsa na farko shi ma kullum barci kan mayar da shi waje, ya gan shi a kasuwar Dole yana jiran fasinja, ko a gindin duwatsun Birni da abokansa, har farkawa ta zama masa azaba. Amma yanzu, in ji shi, ko a mafarki a cikin bangon yake, mutanen da yake gani ƴan ɗakinsu ne, kuma ya nemi fuskar mahaifiyarsa a barci bai same ta ba. A nan ne kalmar rushewar buri ta kai maƙura a waƙar. Rasa babur ko aure asara ce da ake iya mayarwa, amma idan zuciya ta daina iya ƙaga hoton rayuwa a waje, to, ko an buɗe wa mutum ƙofa gobe, wanda zai fito ba shi ne wanda ya shiga ba. Masu aikin kula da waɗanda suka daɗe a tsare sun san wannan hali: mutum ya fito ya kasa yanke wa kansa shawarar lokacin cin abinci, ko ya riƙa jin tsoron fili da taron jama'a.

Garin nan ya san tsarewar manya. Turawan Faransa sun tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Bassa a 1906 bisa zargin shirya musu tawaye, suka kore shi daga ƙasarsa, kuma shugaban Nijar na farko, Diori Hamani, a nan Damagaram aka tsare shi bayan juyin mulkin 1974 har zuwa 1980. Irin waɗannan tarihi yana riƙe da ranar shigarsu da ta fitarsu, kuma duniya tana tambayar lafiyarsu. Ɗan kabu-kabu ba shi da mai rubuta masa tarihi, shi ya sa shafukan kayensa suke da daraja fiye da yadda gwanintarsu ta adabi kaɗai za ta ba su.

Ba kuwa waƙa ce marar aibi ba. Karinta yana tuntuɓe a wurare, musamman inda ya cusa kalmomin shari'a na Faransanci waɗanda suka fi ƙarfin ɗangon. Ya kuma yi amfani da kamancen tsuntsu a cikin keji, wanda an sha jin sa har ya daina motsa zuciya, kuma bai kai ko kusa da hoton rigar da ke ƙarƙashin tabarma ba. Inda na fi saɓa masa shi ne baitocin da ya yi wa yarinyar, inda ya kira ta maciya amana. A nan adalcin da ya yi wa danginsa ya ƙare masa. Budurwar da ke gidan iyayenta, wadda ba a ɗaura wa aure ba, wadda kuma babu mai iya gaya mata ko wata shida za ta jira ko shekara shida, ba ita ce ke da ikon cewa a'a ga iyaye ba, kuma rashin ranar da ya azabtar da shi ita ma shi ya azabtar da ita. Haka nan, idan akwai wanda aka cuta a lamarin da ya kai shi kaso, waƙar ba ta waiwaye shi ba ko sau ɗaya. Wannan giɓi ne da mai karatu ya kamata ya cike da kansa, yana mai tuna cewa jinkirin shari'a yana cutar mai ƙara kamar yadda yake cutar wanda ake ƙara, domin shi ma yana can yana jiran haƙƙinsa, shaidunsa suna watsewa, wasu suna mutuwa.

Marubuta waƙa na gargajiya sukan rufe da godiya ga Allah, su faɗi sunansu da garinsu, wasu ma su saka ramzi, wato shekarar da aka yi waƙar a cikin haruffa. Wannan waƙa ba ta da marufi. Ta tsaya ne a kan wata safiyar kiran sunaye, ba suna, ba shekara. Mai yiwuwa tsoro ne ya hana shi sa sunansa, mai yiwuwa kuma takarda ce ta ƙare, amma ko ma mene ne dalili, siffar ta dace da halin da take bayyanawa, domin mutumin da ba a rufe fayil ɗinsa ba da wuya ya san yadda zai rufe waƙarsa.

Abin da ya rage shi ne a san cewa halin da waƙar ta siffanta ba ƙaddara ce da babu yadda za a yi da ita ba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka amince da su a 2015 aka kuma sa musu sunan Nelson Mandela, sun tanadi cewa wanda ba a yanke wa hukunci ba ana ɗaukarsa marar laifi ne, a raba masa wuri da waɗanda aka ɗaure, a bar shi ya riƙa saduwa da iyalinsa, a kuma ajiye fursuna kusa da gidansu gwargwadon hali. A dokar ƙasarmu, wanda ake tsare da shi yana da damar neman sakin talala a wurin alƙalin da ke riƙe da fayil ɗinsa, idan an hana shi kuma yana iya ɗaukaka maganar, ga shi Damagaram tana da kotun ɗaukaka ƙara tata. Tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ domin ba marasa hali taimakon shari'a kyauta, kuma tana aiki ne ta ofisoshin da ke cikin manyan kotuna. Yawancin iyalan da ke ɗaukar kwano zuwa bakin gidan kaso ba su taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wasu ma ba su san sunan ofishin alƙalin da maganar ɗansu take hannunsa ba. Ɗalibin shari'a, ko limamin unguwa, ko ƙungiyar matasa, duk suna iya raka irin wannan uwa zuwa kotu a nemo lambar fayil, a lissafa watannin da ɗanta ya yi a gwada su da wa'adin da doka ta yanka, a kuma rubuta takardar neman sakin talala idan lokacin ya wuce.